Gidan Kallon Ƙanin Mijina Ya Hana Mu Barci

Assalamu alaikum Anti. Daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Gaya. Shekarata shida da aure, yarana biyu, ƙaramar watanta biyar. Maigidana yana sana'a a Abuja, sai ya yi wata biyu ko uku bai zo ba, ni da Inna mahaifiyarsa muke zaune. Bara bayan babbar Sallah ƙaninsa, ɗan baffansa, ya kafa gidan kallon ƙwallo a filin da ke jikin katangarmu. Rumfar kwano ce da bencina, amma a gindin bangon ɗakina yake ajiye janareta, lasifika kuma a waje. In ya tayar da injin har kwanukan jerena kaɗawa suke yi. In aka ci ƙwallo sai ka ce gari ya tashi, yarinya ta firgita ta farka, ba za ta koma ba sai kusan asuba. Bayan ƙwallo sai ya sa fim ɗin Indiya mai fassara har ɗayan dare, ga mai shayi ya kafa teburi, ga samari da babura, ga fitsari a jikin katanga. Inna tana da hawan jini, amma da na yi magana sai ta ce in yi haƙuri, maraya ne yana neman na kansa. Na faɗa wa maigida a waya ya ce zai yi masa magana, har yau shiru. Da ya zo gida ma can ya tafi kallo. Maƙwabciyata ta ce in kai ƙara Hisba in ce ana shaye-shaye a wurin, kwana ɗaya za a rufe. Ni dai ban taɓa gani da idona ba. Anti na gaji, ina tsoron ranar da zan fita in zazzage masa abin da ke cikina. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da hidima, sannu da goyo, Allah Ya raya miki su. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne kwanukan jeren nan da kika ce suna kaɗawa. Duk wadda ta taɓa kwana a ɗakin da inji ke jikin bangonsa ta san ba kunne kaɗai ke jin wannan ƙarar ba, har a ƙirji ake jin ta, har cikin katifa. Kada kowa ya sa ki ɗauka raki kike yi. Mai shayarwa da ma barcinta gutsi-gutsi ne, in aka ƙwace ɗan abin da ya rage dole ta wuni tana layi, ta riƙa yi wa babban tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, tuwo ya kama tana tsaye a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ce ƙarar da ke cikin ɗakin kwana da dare bai kamata ta wuce desibel 30 a ma'aunin ƙarfin ƙara ba, wato kamar raɗa. Hirar mutum biyu ta yau da kullum ma tana kai wa wajen 60, balle janareta a gindin bango. Rashin barci kuwa yana cikin abubuwan da ke tayar da hawan jini, don haka Innar da take ba ki haƙuri, ita ma a jikinta abin yake ƙarewa ko ba ta faɗa ba.

Haƙuri abu ne mai kyau, amma neman a ɗauke miki cuta bai fitar da ke daga cikin masu haƙuri ba. Hadisin nan na "la darara wa la dirar", babu cuta babu cutarwa, shi ne na 32 a Arba'una, yaran Islamiyya ma sun hardace shi. Kuma kowa ya san Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci ba har ya yi zaton za a ba shi gado. Ke maƙwabciyarsa ce, matar yayansa ce, ga uwa a cikin gidan. Haƙƙi uku ke nan a kansa. Ki riƙe wannan a zuciyarki, ba don ki yi masa wa'azi da shi ba, sai don ki daina jin kamar kin yi laifi da kika damu.

Shawarar maƙwabciyarki kuwa, ki ajiye mata kayarta. Da a ce gidan giya ne aka buɗe miki a jikin katanga, da maganar gajera ce, domin tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a shekarar 2000 sayar da giya laifi ne, kuma wannan aikin Hisba ne kai tsaye. Amma gidan kallo sana'a ce da ake yi a fili, kuma da bakinki kin ce ba ki ga ana shan komai ba. In kika je kika faɗi abin da ba ki gani ba, ƙazafi ne, kin tashi daga wadda aka cuta kin koma mai cutarwa. Kuma ƙauye ba ya ɓoye magana. Kafin a gama ɗaure ƙofar rumfar, matan da ke bakin rijiya sun san wadda ta kai ƙara, wataƙila ma ita mai ba ki shawarar ce za ta fara faɗa. Daga ranar kin zama matar da ta kashe wa maraya kasuwa, sunan da zai bi ki har aurar da 'yar da kike goyo. Magana zarar bunu ce. In wata rana kika ga kwalaben maganin tari ko ƙwayoyi a bayan katangarki da idonki, wannan wata magana ce daban, ki nuna wa manya. Yau dai ba ita ce a gabanmu ba.

Mu ɗan leƙa ɓangaren yaron, don ki san da wa kike. Mai gidan kallo a ƙauye ba attajiri ba ne. Wataƙila akuyoyinsa ko rabon gonarsa ya sayar ya sayi talabijin da dikoda da kwanon rufi. Duk wata sai ya biya kuɗin DStv ko da mutum goma ne suka shigo, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Cinikinsa duka a cikin 'yan awanni kaɗan yake. Saboda haka da ya ji an ce "gidan kallonka ya dame mu", abin da kunnensa zai jiyo shi ne "rufe ka zauna da yunwa", sai ya taurare. Ina kuma kyautata zaton bai san girman abin ba. Shi yana cikin rumfa, injin yana bayansa, hayaniyar 'yan kallo ta rufe masa ƙarar. Na taɓa zama a gidan da injin markaɗe yake bayan ɗakina a garinmu. Wata uku muna aike ana cewa "to, za a duba", har ranar da kakata ta sa aka kira mai injin, ta ce ya bar yaronsa ya tayar, shi kuma ya shigo ya ɗora tafin hannunsa a bango. Ya ɗora, ya ji bangon yana rawa, ƙasa tana zubo masa a hannun riga. Bai ce komai ba sai "subhanallahi, Hajiya ban sani ba". A satin ya matsar da injin.

Abin da nake so ki gane shi ne, damuwarki ba guda ɗaya ba ce, tarin abubuwa ne suka haɗu suka zama dutse ɗaya a kanki. In kika ɗauko dutsen gaba ɗaya kika ce a kawar, babu mai iyawa sai da rigima. In kika farfasa shi, za ki tarar mafi yawansa tsakuwa ce da yaro ma zai iya ɗauka.

Babban cikinsu janareta ne, kuma shi ya fi sauƙin magani. Ƙara tana raguwa da nisa: a fili, duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakaninki da inji, tana sauka da kusan desibel 6. In yanzu mita biyu ne tsakaninsa da gadonki, aka mayar da shi mita goma sha shida, an ninka sau uku ke nan, an rage wajen 18, kuma kunne yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙarar biyu. Abin da ake buƙata doguwar wayar wuta ce mai kauri, a kai injin ɗaya ɓangaren rumfar, bakin salansa ya kalli gona ko fili, ba gidan kowa ba. Rawar da bango ke yi kuwa ta ƙasa take biyowa, don haka a ɗora injin a kan tsohuwar taya da katako a samanta, irin tayar da masu faci ke jibgewa a bakin titi. A jera bulo ko buhunan yashi a ɓangaren da ke kallon gidanku, su ɗara injin tsayi. Amma ki ja kunnensa, kada ya ce zai gina masa ɗaki ya toshe ko'ina, ko ya shigar da shi cikin rumfar da mutane ke zaune. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci, an sha rasa iyali guda a ƙasar nan ta wannan hanyar. Wannan ma hujja ce a hannunki: in ɗakinki yana da taga ko kafa ta wannan bangon, hayaƙin yana shigo wa jaririya. Ko wanda bai damu da ƙara ba, in aka ce masa hayaƙi na shiga ɗakin jinjira zai saurara. In Allah Ya buɗa masa nan gaba, sola da batir za su raba shi da sayen fetur su raba ku da ƙarar gaba ɗaya, tunda talabijin biyu da dikoda da fanka ba wata wuta mai yawa suke ci ba. Amma wannan ki bar shi a matsayin fata, kada ki sa shi cikin sharaɗi.

Lasifikar waje talla ce kawai, don a ji daga nesa an fara. Wanda ya biya kuɗinsa yana ciki. A bar ta a waje har a take wasa, sannan a mayar da ita ciki ta juya wa katangarku baya. Wannan ma riba ce gare shi, don masu tsayawa a waje suna jin sharhi kyauta za su ragu.

Sai lokaci. Nan ina so ki san jadawalin kamar yadda samarin suka san shi, don kada a ce miki "ai ƙwallo ce ta kai mu ɗayan dare". Kakar wasannin Turai daga Agusta take zuwa Mayu. Gasar Zakarun Turai a daren Talata da Laraba ake yawan buga ta, ta Yuropa ranar Alhamis. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris wasannin dare suna farawa ƙarfe tara agogonmu, su ƙare wajen sha ɗaya. Sauran watannin, da yake Turawa suna matsar da agogonsu mu ba ma matsarwa, ƙarfe takwas ake farawa a tashi wajen goma. Wasannin Firimiyar Ingila na Asabar da Lahadi yawancinsu da rana ne zuwa magariba, na Sifaniya ne wasu ke kai wa dare. Sai jefi-jefi a zagayen sili-ɗaya-ƙwale a yi ƙarin lokaci da bugun fanareti a doshi sha biyu. Kin ga ashe ba ƙwallo ce ke kai ku ɗayan dare ba, fim ɗin da ke biyo baya ne. To abin da za a roƙa ƙarami ne: da an hura usur na ƙarshe a kashe inji, fim kuma a mayar da shi bayan isha'i a ranakun da babu wasa, ko da yamma. Da inji ya mutu fitila ta ɗauke, mai shayi da 'yan babura da kansu za su watse. Fitsari kuma kada ki raina shi, yana cin gindin katangar ƙasa, damina ɗaya mai ƙarfi sai ta kwanta. Ya kewaye ɗan wuri da zana can nesa ya ajiye buta, ya sa ƙwan fitila ɗaya a lungun katangar, don mai fitsari duhu yake nema.

Abu ɗaya ne ba zan yi miki alƙawarinsa ba: ihun cin ƙwallo. Samari hamsin ba za su ga Barcelona ta zura wa Madrid su yi shiru ba, ko Sarki ne ya hana. Wannan sai dai ki rage masa kaifi daga naki ɓangaren.

Wa zai kai maganar? Ba ke a fusace ba, ba kuma a bakin rumfa gaban abokansa ba, domin saurayi in aka kunyata shi a gaban tsaransa gara ya yi asara da ya sauko. Aikin maigidanki ne, kuma shirunsa bai ba ni mamaki ba. Kin ce masa "yi masa magana", shi kuma bai san me zai ce ba in ba "rufe" ba, ga kunyar ɗan marigayi baffansa, ga shi shi ma ɗan kallo ne. Namiji in aka ba shi aikin da bai san bakinsa ba sai ya ce "to" ya ajiye. Ki sauƙaƙa masa. Daren da ake wasa ki ɗauki wayarki ki naɗi minti ɗaya daga kan gadonki, da ƙarar injin da kaɗawar kwanuka da kukan yarinya, ki tura masa ta WhatsApp ba tare da dogon ƙorafi ba. Washegari in ya kira, ki ce masa, "Abban yara, ni ba so nake a rufe masa ba, Allah Ya sa masa albarka a ciki. Abu uku kawai nake roƙo: a matsar da inji, a shigar da lasifika, a kashe in an tashi daga wasa." In da hali ki ƙara da cewa ku ne za ku sayi wayar wutar. Na san za ki ce don me wanda aka cuta zai biya. Don kuɗin waya bai kai lafiyarku ba, kuma in yayansa ya aiko masa da kuɗi ya ce "ga wannan ka ja waya", ya zama gudummawa, ba umarni ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Inna kuwa kada ki ɗauke ta abokiyar hamayya. Tana kallon yaron ne tana tuna ubansa, kuma tana tsoron dangi su ce surukarta ta juya ta. Muddin ta ɗauka rufewa kike nema, haƙuri za ta yi ta ba ki. Ki same ta bayan la'asar in ta idar da lazimi, ki ce, "Inna, ni fa hayaƙin nan nake ji wa 'yar nan tsoro, da kuma jikinki. Da za ki sa baki ya matsar da injin can baya, ai shi ke nan." Kalma ɗaya daga bakinta ta fi goma daga bakin kowa, don uwa ce a wurinsa. Ke ma kina da wata ƙofa da ba kowa ke da ita ba: ƙanin miji abokin wasa ne. Ranar da ya shigo gaida Inna ki zuba masa fura, ki ce cikin raha, "Mai gidan kallo, yau sai ka biya ni kuɗin barcina na wata goma, ko ka zo ka yi renon 'yarka da dare." Sannan ki nemi Inna ta sa ya tura yaro ya tayar da injin, shi ya tsaya a ƙofar ɗakinki ya ji da kunnensa. Wasa yana isar da abin da faɗa ba ya isarwa, in dai kin tabbata zuciyarki ta huce kafin ki fara.

In an yi duk wannan ya gyara na sati biyu ya koma, ko ya yi kunnen uwar shegu, sai a hau mataki na gaba, amma a bi tsani. Babban namijin da ya rage a zuri'arsu, sannan liman, sannan mai unguwa, in ta ƙi a je wa dagaci, shi ya san lokacin da zai miƙa wa hakimi. Kafin nan maigidanki ya tuntuɓi sauran gidajen da ke kewaye da filin, don ba ku kaɗai ke ji ba, kuma magidanta uku a zauren mai unguwa sun fi mace ɗaya da za a ce fitinarta ce. Ki riƙa rubuta ranaku da lokacin da aka kashe inji a bayan littafin makarantar babban, saboda in an zauna kada a tsaya ana "kullum ne", "a'a ba kullum ba ne". A nemi a yanke lokaci a gaban shaidu. Bayan masu sarauta akwai ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma, hayaƙi da fitsari a jikin gidan mutane aikinsu ne. Hisba ma tana yin sulhu tsakanin maƙwabta, kuna iya zuwa da gaskiyar abin da ke faruwa ba tare da ƙarin gishiri ba. A Kano gidajen kallo suna ƙarƙashin Hukumar Tace Fina-finai, sannan a tarayya akwai dokar taƙaita ƙara ta 2009 da hukumar kare muhalli ta NESREA ke kula da ita. Na faɗa miki waɗannan ne don ki san doka tana bayanki, amma ni ban so ku kai can, balle kotu, domin shari'a tsakanin 'yan wa da ƙani ko an ci ba a ci ba.

Kafin a daidaita kuma, ki ceci barcinki da abin da ke hannunki. Ki janye gado daga jikin wannan bangon ko da taku biyu ne, ki mayar da durowar kaya wurin, ki sauke kwanukan da ke kaɗawa. In akwai ɗakin da ya fi nisa da filin, a daren Talata da Laraba ku kwana can ke da yaran, in na Inna ne ma ya fi, sai ta ga abin da idonta. Ƙaramar fanka mai caji tana taimakawa, sautinta na bai-ɗaya yana rufe ihun da ke zuwa kwatsam, jarirai sun fi jure irin wannan. Da rana in yarinya ta yi barci ki kwanta tare da ita, wanke-wanke ba zai gudu ba. Ina roƙonki kada ki ba ta Piriton ko wani maganin mura don ta yi barci, ko wa ya ce miki yana yi wa nasa, wata biyar ba shekarun wannan ba ne, ke ma kada ki sha maganin barci kina shayarwa ba tare da ma'aikacin lafiya ya ce ba. Ranar da za ki kai ta rigakafi ki lallaɓa Inna ta raka ki a gwada jininta a rubuta a kati. In ya hau, ki ɗauki hoton katin ki haɗa da muryar da kika naɗa ki tura Abuja. Ki rubuto min bayan sati uku in ji inda injin ya koma, ki gaida min Inna.